Garin almon ko garin shinkafa, wanne za ki ɗauka in za ki yi piza marar gulutin?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa yarinyar lafiya ya sa kaffara ne. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, kin ce likita ya tabbatar tana da ciwon siliyak, wato wanda gulutin yake taɓa wa mutum hanji, ya hana ta duk wani abu na alkama, ita kuma ba abin da take so kamar piza, kin ga ana yin burodin ƙasan da garin almon, wasu kuma sun ce miki garin shinkafa ya fi, kin rasa wanda za ki kama. Toh ni duka biyun na yi su ba sau ɗaya ba, saboda ɗan ƙanwata irin lalurar ke gare shi kuma a gidana yake yin hutu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki a tsanake.

Kafin komai sai kin gane aikin da gulutin yake yi a kwaɓi, don shi ne tushen maganar. Wannan danƙon da kike ji in kin murza fulawa, kina ja yana miƙewa kamar roba, shi ne gulutin, yana cikin alkama da sha'ir da wani hatsi na ƙasashen Turai da ake kira rai. Shi ne yake riƙe iskar da yis ke fitarwa har kwaɓi ya kumbura. Garin almon ba shi da shi, garin shinkafa ma ba shi da shi, amma matsalarsu ba iri ɗaya ba ce. Shinkafa sitaci ce, tana shan ruwa tana kumbura in ta ji wuta, kawai mai riƙe ta take nema. Shi kuwa almon kusan rabinsa mai ne, sitacin cikinsa kaɗan ne ƙwarai, ba ya shan ruwa yadda gari ke sha, in kin zuba masa ruwa kin kwaɓa kamar fulawa caɓewa zai yi ya zauna miki a roba.

Shi ya sa na almon da ƙwai ake ɗaure shi. Yadda nake yi: garin almon kofi 2, kusan giram 200 kenan, ƙwai 2, man zaitun babban cokali 1, bekin foda ƙaramin cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, ba ruwa ko ɗigo, ba yis. Ki juya da cokali ya haɗe, sai ki sa shi tsakanin takardar gashi guda biyu ki murza ya yi fale-fale, kada kaurinsa ya wuce rabin santimita. Ki cire takardar sama ki ɗan tsattsoka shi da cokali mai yatsu ki gasa shi shi kaɗai a obin, wuta digiri 180 na Selsiyas, na minti 12 zuwa 15, sannan ki fito da shi ki shafa miyar tumatir ki zuba cuku da sauran kaya ki mayar minti 8 haka. Ranar da na fara yi na zuba komai a kan ɗanyen kwaɓin na ƙure wuta kamar yadda nake yi wa na fulawa, kafin minti 10 gefen ya yi baƙi ƙirin tsakiyar kuma tana jiƙe jagwab, yaron yana tsaye a bakin kicin yana jira, wallahi ranar raina ya ɓaci sosai don garin ba arha ba. Man da ke cikinsa ne yake sa shi saurin ƙonewa, don haka wutarsa a hankali ce, kuma dan Allah kar ki yi nisa da obin a mintunan ƙarshe. In ya fito ki bar shi ya huce minti 5 kafin ki yanka, da zafinsa farfashewa yake.

Akwai wani salon kuma da ake narkar da cukun mozarela giram 170 da kirim ciz, wato cuku mai laushi na shafawa, babban cokali 2, a zuba garin almon giram 85 da ƙwai 1 a murza tun da ɗuminsa. Wannan ya fi lanƙwasuwa a hannu saboda cukun ne ya tsaya a madadin gulutin, kuma ya fi kama da piza a baki, sai dai ki lissafa cuku a ƙasa cuku a sama, yanka biyu mutum ya ji ya cika dam.

In kin je saye ki duba da kyau, akwai mai laushi fari wanda aka ɓare bayan almon ɗin kafin a niƙa, akwai kuma mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da aka niƙa da ɓawonsa. Farin ki ɗauka, ɗayan yana da tsakuwa-tsakuwa a baki kuma ya fi saurin wargajewa.

Na shinkafa kuwa hanyarsa daban ce, ya fi kusa da abin da hannunmu ya saba. Garin shinkafa mai laushi giram 200, sitacin rogo giram 100, yis ƙaramin cokali 1 da rabi, suga ƙaramin cokali 1, gishiri, mai babban cokali 2, ruwan ɗumi kamar kofi 1 da kwata ana zubawa kaɗan-kaɗan, sai mai ɗaurewa, wato garin siliyom babban cokali 1. Siliyom ɗin nan ɓawon wani iri ne da ake nomawa a Indiya, a shagunan 'yan Indiya sunansa isabgol, in kin jiƙa shi a ruwa minti biyu sai ya yi yauƙi ya kama jikinsa. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ai haka kuka take yi a ɗanwake, garin wake da alabo ba za su riƙe juna a tafasasshen ruwa ba sai da ita. Na ma taɓa gwada kukar a kwaɓin piza da siliyom ɗina ya ƙare, ta ɗaure ɗin amma kalar ta koma kore-kore kuma ƙamshin miyar kuka yana fitowa ta ƙarƙashin tumatir, yaron ya ci amma ban sake ba.

Kwaɓin zai fi na fulawa ruwa, yana manne wa hannu, kar ki ce za ki ƙara gari don ki gyara shi, nan ne mutane da yawa suke ɓata shi ya fito da tauri kamar katako. Ki rufe shi ya tashi minti 45 zuwa awa 1, ki shafa mai a tafin hannu ki baje shi a kan takardar gashi da yatsu, gefen ya ɗan fi tsakiya kauri. Shi yana son wuta sosai, 220 ko 230, minti 10 shi kaɗai sannan da kaya minti 8 zuwa 10. In ya yi daidai za ki ga ƙasansa ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, ciki da ƙananan ramuka, kina ɗaga yanka yana ɗan lanƙwasa bai karye ba, ga ƙamshin yis ya cika gida, abin da na almon ba zai taɓa ba ki ba kenan. Na almon in za a faɗi gaskiya ya fi kusa da biskit mai laushi, yana da ɗan zaƙi-zaƙi da gardi irin na gyaɗa, daɗi kam akwai, amma yaron da ya san piza ta fulawa a cizon farko zai gane.

Ta ɓangaren gina jiki almon ya yi gaba. Giram 100 nasa yana da furotin kusan giram 21 da mai kusan giram 50, kalori wajen 580, alhali garin shinkafa giram 100 kusan giram 80 ɗinsa sitaci ne, furotin bai wuce 6 ko 7 ba. Shi ya sa masu ciwon suga da masu rage sitaci suke rububin na almon, kuma a nan ne ake rikita mutane, don yawancin waɗanda suke yaba shi sitaci suke gudu, ke kuma gulutin kike gudu, ba abu ɗaya ba ne. Yarinyarki ba a hana ta shinkafa ba, ba a hana ta rogo ko gero ko dawa ko masara ko acca ba. Sannan almon yana cikin abubuwan da wasu jikinsu ba ya karɓa sam, har ya kai ga kumburi da sarƙewar numfashi, in ba ta taɓa ci ba ki tambayi likitanta tukuna, haka mai fama da tsakuwar ƙoda ana ce masa ya rage shi.

Kuɗi kuma ba sai na faɗa miki ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya daga jihar Kalifoniya ta Amurka yake fitowa, kafin ya iso shagon da za ki saya ya sha kuɗin jirgi da canjin dala, gashi piza ɗaya tana cinye giram 200. Kuma ba ya son zafi, in kin buɗe leda kin bar shi a kabad lokacin bazara man cikinsa yana juyawa ya fara ɗaci da wari, sai a firji ko firiza, ga yadda wutar lantarki take. Wata ta ce min in gwada garin aya a madadinsa tunda shi ma ba gulutin, na gwada, zaƙinsa ya yi yawa a piza, a kek ne yake kyau.

Amma fa akwai inda na almon ya fi kwanciyar hankali, kuma wannan ne abin da na fi so ki riƙe. Shi a rufe yake zuwa, in an rubuta a jikin ledar cewa ba gulutin to a ƙa'idar duniya bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba. Shinkafa kuwa in kin wanke kin kai injin unguwa, ba ki san me aka niƙa kafin ke ba. Mu haka ta faru da mu, na aika niƙan shinkafa ashe wadda ta riga mu alkama ta kawo, kwana biyu yaron yana ciwon ciki da gudawa muna ta neman dalili, sai daga baya yarinyar da na aika ta faɗa min. Ga mai siliyak ɗan abin da ya maƙale a bakin inji ya isa ya taɓa masa hanji, ko da bai nuna alama a waje ba. Tun daga nan a gida nake jiƙa shinkafar tuwo in shanya ta sha iska in niƙa a bilenda in tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi, rariyar ma tasa daban ce, ba ta haɗuwa da ta fulawa. Ki riƙa karanta bayan kwalin bekin foda da dunƙulen magi da sosej ɗin da za ki ɗora a kai, wasu ana sa musu garin alkama.

In ni ce ke, da na shinkafa da sitacin rogo zan fara, shi zai zama na yau da kullum, shi ne in ta zauna da 'yan uwanta ba za ta ji nata daban ba, na almon kuma ki ajiye shi na ranar da kike sauri tunda ba jiran tashi, cikin rabin awa kin gama. In ba ki da obin duka biyun suna yi a kaskon da ba ya kamu mai murfi, wuta can ƙasa, ki gasa gefe ɗaya ki juya sannan ki zuba kayan a kan gefen da ya gasu ki rufe har cukun ya narke, sai dai na almon ki yi shi ƙanana kamar faɗin farantin kofin shayi don babba ba ya juyuwa, karyewa yake a tsakiya.