Na yi wa turarena rajistar CAC, ga yadda na ga abin

Maganar gaskiya rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da kasuwanci rajista, ta biya ni, kuma ba ta kai wahalar da ake zuzutawa ba. Ni turaren wuta da humra nake haɗawa a gida nan Kano ina tallatawa a WhatsApp da Instagram, abin da ya ingiza ni shi ne kwastomomin nesa, mutum a Abuja ko Legas ya gama zaɓar kaya tsaf sai ka tura masa akawun ya ga sunan mutum ba sunan shago ba, shikenan sai "bari zan yi magana" ba ka ƙara jin ɗuriyarsa. Ban ga laifinsu ba wlh, yan damfara sun ɓata hanya.

Komai a shafin CAC ake yi yanzu, ba sai an je ofis ba. Ni da ƙanena muka zauna da waya muka buɗe akawun da imel ɗina. Matakin farko kama suna, zaka bada suna su duba ko wani ya riga ka, in sun amince suna riƙe maka shi kwana 60 kafin ka ƙarasa. Toh anan ne aikin yake, domin duk sunan da ya zo maka a kai, su Al-Baraka, su Nasara, su Alheri, an daɗe da kwashe su ko akwai mai kama da su, kuma kamanni kaɗai ya isa a dawo maka da shi. Sai da na haɗa da sunan kakata sannan ya wuce. Akwai kuma kalmomi irin Federal, National, Group, Holdings da ba'a sakawa haka kawai sai da izini na musamman, don haka masu son suna mai kwarjini a sassauta.

Bayan nan sai cike fom, lambar NIN, hoto fasfo, sa hannu a farar takarda a ɗauka a ɗora, adireshin wurin sana'a (na gida na saka, ya wadatar) da irin sana'ar. Ku tabbata yadda sunanku da ranar haihuwa suke a NIN haka kuka rubuta harafi da harafi, Muhammad da Mohammed ba ɗaya bane a wajen kwamfuta. Ta Remita na biya, lokacin da na yi ₦500 ne kama suna, rajistar kuma ₦10,000, amma ku duba farashin yau a shafin kafin ku yi lissafi da nawa. Satifiket ɗin a waya na sauke shi da lambar BN, wato lambar rajistar sunan kasuwancin, a jiki, na kai kafe aka buga min mai kala, da shi na buɗe akawun na banki da sunan shago, yanzu alat yana shigowa ba tare da dogon lallashi ba.

Masu zuwa wajen ejan kuma, ba haramun bane, wani ba shi da lokaci wani boko ya masa ƙaranci, amma don Allah imel ɗinku da lambarku za'a saka ba nasa ba. Maƙwabciyata mai ɗinki wani yaro ya yi mata nata da imel ɗinsa ya caje ta ninki, yanzu ya canja layi, ko shiga akawun ɗin bata iya yi, sai takarda kawai a firem.

Abin da ba'a cika faɗa wa mutane ba shi ne anuwal ritan. Ba wai ka karɓi satifiket ka jefa a durowa an gama ba, duk shekara akwai rahoton da zaka shigar da ɗan kuɗinsa, in ka bari ya taru tara ce ke hawa, kuma in aka bincika sunanka a shafinsu sai ya nuna baya aiki, ranar da kake neman tallafi ko wani kwantiragi ranar zaka san muhimmancinsa. Yan POS da aka tilasta wa rajista a 2024 da yawa na tabbata basu san da wannan ba.

Sannan kada a ruɗe ku, wannan ba kamfani bane irin mai lambar rajista ta RC da Limited a ƙarshen suna. Kai da kasuwancin abu ɗaya ne a doka, in bashi ya hau shago kai ya hau. Kuma bai hana wani kwaikwayon tambarinka a kwalba ba, rajistar tambari daban ce a ma'aikatar ciniki, ita nake tara wa kuɗi yanzu don na fara ganin sitika mai kama da tawa a kasuwa. Ga mai ƙaramar sana'a irina dai rajistar sunan kasuwancin ta isa a fara da ita.