Linux Mint 22 Xfce a tsofaffin kwamfutocin shagunan Ringim da Gumel

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina toshe ɓarakar tsaro ta Windows 10 kyauta ga kowa, Windows 11 kuwa ba ta karɓar injin da ba shi da TPM 2.0, wato wani ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfuta. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake buga takardu da su a shagunan Ringim, Gumel da ƙauyukan kewaye, irin su HP EliteBook 8470p da Dell Latitude E6420, sun faɗo waje ke nan. Linux Mint 22 mai fuskar Xfce, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ita ce mafita mafi dacewa da su, kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029.

Abin da ke zana tagogi a allo a nan shi ne X.Org, Xfce kuma na jera su. Dukkansu buɗaɗɗu ne, kowa na iya duba rubutunsu ya gyara. Ba su cin ƙwaƙwalwa: da RAM 2GB injin zai tashi, amma 4GB ne ke sa aiki ya yi daɗi. A saukar da fayil ɗin girka Mint, wajen 3GB, a zuba a filashi mai 8GB, a tada injin daga filashin a gwada komai kafin a taɓa hadis (hard disk, ma'ajiyar fayilolin injin). A tabbata batir ya cika ko sola na ja, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar raba hadis na iya cinye fayilolin kwastomomi.

Injin da katin hotonsa Intel ne kaɗai, babu wata matsala. Wahalar tana wajen guntayen da masu su suka rufe. Wasu E6420 na ɗauke da katin hoto NVIDIA NVS 4200M, direbansa (manhajar da ke sa shi aiki) na kamfani jerin 390 ne, wanda aka daina sabunta shi, Mint 22 ma ba ta kawo shi. Sai a koma kan nouveau, buɗaɗɗen direba, wanda bai iya ɗaga gudun wannan katin yadda ya kamata ba. Maganin: a shiga BIOS, shafin saitin injin kafin ya tashi, a bar Optimus, mai raba aiki tsakanin katin Intel da na NVIDIA, a kunne, don Intel ya riƙe allon. Idan allo ya yi baƙi wajen tashi, a danna e a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa wajen tada injin, a ƙara nomodeset a ƙarshen layin da ya fara da linux, a shiga, a gyara, sannan a cire shi, don barinsa na hana allo kaifi.

Wayales na Broadcom ma rufaffen direba yake so. Driver Manager, manhajar Mint mai girka direbobi, na ɗauko shi daga filashin da aka girka da shi, don haka kada a goge filashin da wuri. Firinta HP LaserJet 1020 ba ta motsi sai an ba ta ƙaramin fayil na kamfani ta umarnin hp-plugin, wannan kuwa sai da intanet.

Ga mai buga wasiƙun masarauta ko takardun islamiyya da Hausa, akwai abin farin ciki: rubuta setxkbmap -layout ng -variant hausa a Terminal, tagar rubuta umarni, zai ba shi ɓ, ɗ da ƙ ba tare da wata manhaja ba.

CorelDRAW ba ta aiki a nan, Inkscape kuma, madadinta a Linux, ba ya buɗe kowane tsohon zane daidai, saboda haka mai katin biki da kalanda ya bar inji ɗaya a Windows. Haka mai na'urar ɗaukar zanen yatsa. Takardun Word na buɗewa a LibreOffice, madadin Microsoft Office, amma a sa ttf-mscorefonts-installer, mai kawo haruffan Microsoft, tun farko, in ba haka ba layuka za su goce daga inda kwastoma ya bar su.