Fatar Akuya, ta Tunkiya ko Ƙirgi: Wacce Mai Koyon Dukanci Zai Fara Saya?

Matasa da yawa, maza da mata, sun fara sha'awar ɗinkin fata a gida. Wani alabe yake so ya yi wa kansa, wata 'yar jakar hannu, wani kuma gafaka ga Alƙur'anin mahaifinsa. Yawancinsu akwatin kayan aiki suke fara nema a intanet, mai ƙarafa iri-iri a ciki, sai kuɗi ya kusa ƙarewa sannan su tuna da fata. A ganina an juya abin. Fata ita ce aikin, kuma a kanta ya kamata rabin kuɗinka ya tafi.

Farkon abin da za ka tambayi mai sayarwa shi ne yadda aka jeme ta. Jima iri biyu ce a kasuwanninmu. Akwai jimar gargajiya da ake yi da bagaruwa, irin ta majemar Kano da Sakkwato da Damagaram, akwai kuma jimar kamfani da ake yi da sinadarin kurom, irin wadda masana'antun Sharaɗa da Chalawa ke fitarwa. Mafi yawan fatar da ake amfani da ita a duniya yau ta kurom ce, saboda tana jemuwa da sauri, tana fitowa da laushi, launinta bai ɗaya, ruwa kuma bai cika ɓata ta ba. Duk da haka ba ita nake ba sabon shiga shawarar ya fara da ita ba. Laushin nata shi ne matsalar: tana zillewa a ƙarƙashin wuƙa, tana miƙewa in ka ja zare, bakinta ba ya gogewa ya yi sumul, kuma in ka buga mata ado ba ya zama sosai.

Fatar bagaruwa tana da ɗan tauri, tana tsayawa inda ka ajiye ta. In ka ɗan jiƙa ta ka danna ƙarfe, zanen zai zauna har ta bushe. Tana shan rini da mai, kuma tana ƙara duhu da kyau yayin da hannu ke shafar ta. Aibinta shi ne ba ta son ruwa, da damina tana iya yin funfuna in aka kulle ta a leda, kuma ingancinta ya danganta da hannun majemin. Wata za ka same ta lafiya lau, wata kuma tana wari saboda ba a wanke ta sosai ba bayan an cire gashi. Shinshina ta. Ƙamshin bagaruwa da mai daban yake da warin ruɓa, kuma wanda ya ruɓe ba ya fita ko ka shanya ta wata guda.

Rarrabe su ba wuya. Dubi bakin da aka yanka: ta kurom tsakiyarta kan yi toka-toka mai ratsin shuɗi, sai dai in rinin ya ratsa ta gaba ɗaya, ta bagaruwa kuwa ruwan ƙasa ce. Ɗiga ruwa a fuskar wadda ba a shafa mata komai ba, ta bagaruwa za ta shanye ta yi duhu nan take. Sai kuma ta uku wadda ba fata ba ce sam, wato ta roba da ake sayarwa a naɗe, gwanin sheƙi. Juya bayanta za ka ga yadi a manne, zanen fuskarta kuma yana maimaita kansa. Tana da araha, amma ɓarewa take yi, kuma ba abin da hannunka zai koya a kanta.

Sai batun dabba, kuma nan ne muke da abin da wasu ƙasashe ke nema ido rufe. Jar akuyar Sakkwato, da 'yar uwarta ta Maraɗi, fatarsu na cikin mafi daraja a duniya. Ita ce fatake ke tsallaka Sahara da ita shekaru aru-aru, Turawa su saye ta a arewacin Afirka suna kiran ta fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafai bango da ita. Sirara ce, kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba, amma naman jikinta a matse yake, ba ta yagewa da sauƙi, kuma fuskarta na da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ɓoye kuskuren mai koyo. Alabe, gidan waya, kube, bangon littafi, duk za ta yi. Fata ɗaya za ta ishe ka ƙananan ayyuka uku ko huɗu. In da za a ce in zaɓa maka guda ɗaya, ita ce, jimar bagaruwa, wadda ba a rina ba.

Fatar tunkiya ta fi faɗi, ta fi laushi, galibi ta fi araha, musamman bayan Babbar Sallah da fatun layya ke cika kasuwa. Amma ba ta da ƙarfin ta akuya, fuskarta kan saɓule, ɗinki kuma kan yaga ta in an ja da ƙarfi. Ka ajiye ta don shafin cikin jaka ko tum-tum. Wasu 'yan kasuwa kan miƙo ta a matsayin ta akuya, don haka ka ja gefenta da yatsu biyu: ta tunkiya tana biyo ka, ta akuya tana turjewa.

Ƙirgi na saniya shi ne na bel, maɗaurin jaka, ƙasan takalmi da kayan doki, inda ake son kauri milimita 3 zuwa 4. Yana da tsada, wani ɓangare saboda fatar shanu da yawa a Najeriya ganda ake yi da ita, ba ta kaiwa majema. Yankansa da huda shi suna son ƙarfin hannu da wuƙa mai kaifin gaske. Kada ka sayi guda sukutum a karon farko. Nemi yanki daga wajen gadon baya, inda ya fi ƙwari, ka guji wajen ciki, wanda ke da sako-sako.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka saya a naɗe. Shimfiɗa ta, ka ɗaga ta saitin haske. Yankan wuƙar mai fiɗa daga baya yake, kuma wurin kan yi siriri har haske ya ratsa. A fuska kuma ka duba cizon kaska, ƙarzar ƙaya, tabon ƙuraje, da lalas in ƙirgi ne. Ninka kusurwa ɗaya ka matse, in fuskar ta tsage to fatar ta bushe ko ba ta jemu ba. Tabo a gefe ba komai ba ne, har ya kan zama dalilin neman ragi. Tabo a tsakiya kuwa ya cinye maka wurin da ya fi amfani. A Kano, Kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai su ne wuraren da aka saba zuwa. In kana da baduku a unguwarku, roƙe shi ya raka ka ranar farko, ka ce "Baba, a taimaka a duba mini." Idonsa zai ga abin da naka bai gani ba, farashin ma zai sauka.

Kayan aiki ba sa buƙatar dogon bayani. Wuƙa mai kaifi, basilla, allurai biyu masu dakusasshen baki, rular ƙarfe, gudumar katako, da allon da za ka yi yanka a kai. Wuƙar maƙera ta fi daɗewa in ka iya wasa ta a dutse, ta reza mai canjin baki kuma ta fi sauƙi ga wanda bai iya ba. Abu ɗaya daga kayan waje da nake ganin ya cancanci kuɗinsa shi ne ƙarfen huda mai haƙora kamar cokali mai yatsu, mai tazarar milimita 3 ko 4, domin shi ke sa ɗinkin mai koyo ya fito a jere. Sauran ƙarafan cikin akwati su jira sai aiki ya nema.

Zare kuwa, kada ka taɓa na tela, tsinkewa zai yi. Sayi zaren masu gyaran takalmi mai kakin zuma, ko ka goga masa kakin da kanka. Auna ninki huɗu na tsawon wurin da za ka ɗinka, ka sa allura a kowane baki, su riƙa ratsa rami ɗaya daga ɓangarori biyu. Irin wannan ɗinkin ko zare ya tsinke a wuri ɗaya ba ya warwarewa kamar na keke. Gam na riƙe fata ne kafin ɗinki, ba ya maye gurbinsa, kuma ka shafa shi a inda iska ke shiga saboda tururinsa na hawa kai.

Rini ma akwai zaɓi. Na kwalba ya fi saurin aiki da yawan launuka. Na gargajiya kuwa shi ne ya ba fatar Hausa kamanninta: ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko. Baƙin nan haɗuwar ƙarfe ce da bagaruwar da ke jikin fatar, shi ya sa ba zai kama fatar kurom haka ba. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba a barin wuƙa ko ƙusa a kan jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa, don tabon da za ta bari ba ya goguwa. Kowane rini ka saya, gwada shi a guntu tukuna, ka bari ya bushe, sannan ka goga da farin ƙyalle ka ga ko yana zuba. In ya zauna, shafa man kaɗe kaɗan-kaɗan, musamman da hunturu lokacin da fata ke saurin bushewa.