Zagayen tarihi a unguwar Ballard

Jama'a in Allah ya kai ku Seattle a Amurka ku nemi masu zagayawa da baƙi a ƙafa cikin Ballard, wallahi kuɗina bai tafi a banza ba. Matar da ta ja mu ta san aikinta, ashe da can gari ne mai zaman kansa tun 1890, ga injinan yanka katako ga masunta 'yan Norway da Sweden, matsalar ruwan sha ce ta sa aka haɗe shi da Seattle a 1907. Ta tsayar da mu gaban tsohuwar ƙararrawar majalisar garin a Ballard Avenue, na daɗe ina kallonta. Sai dai ta cika sauri, wani dattijo cikinmu har haki yake.