Man tsirar da gashi: abin dubawa kafin a zaro kuɗi

Duk kwalbar da aka ce za ta cike sanƙo cikin sati 2, a mayar da ita kan kanta. Gashin mutum kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, kuma babu man da ke sa shi sauri haka.

A cikin na shafawa, minoxidil ne ke da hujja mai ƙarfi. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, sai aka lura masu shanta suna yin gashi, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na shafawa a 1988. Akwai mai kashi 2 cikin ɗari, akwai mai kashi 5. Sai an jure wata 3 zuwa 6 ana shafawa kullum kafin a ga canji, a makonnin farko ma gashin kan ƙara zuba. Ba kowa yake wa aiki ba, kuma in aka daina, abin da ya tsiro zai koma. Mai talla ba zai faɗi wannan ba, alhali nan kuɗin yake, domin saye ne na kowane wata. Mai ciki da mai shayarwa su nisance shi.

Man rosemary (wani ganye mai ƙamshi) da ake yayi a TikTok, yawanci bincike ɗaya ake kafa hujja da shi: na Iran a 2015, mutum 100, wata 6, aka gwada shi da minoxidil mai kashi 2 kawai, sakamakon ya zo kusan ɗaya. Alama ce mai kyau, amma ba ta kai a rantse ba.

Man kaɗanya, man kwakwa da chebe na matan Chadi suna laushi, suna rage karyewa, gashi ya riƙe tsawonsa. Ina ganin darajarsu, sai dai ba sa tayar da saiwar da ta mutu.

Abin da ya fi damuna shi ne masu jego. Gashi kan zuba bayan haihuwa, ya dawo da kansa cikin watanni, sai man da aka saya ya kwashe yabo. Wadda kitso mai tsauri ya cinye wa gaban goshi, sassauta kitson ne maganinta na farko. Yaro mai makero kuwa maganin sha yake buƙata daga likita.

A juya kwalbar a karanta sunan sinadari da adadinsa. "Sirrin haɗi" ba suna ba ne. A nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, amma a kayan gargajiya lambar ba ta nufin an tabbatar yana tsirar da gashi. Hoton "da" da "yanzu" kuma, a dubi hasken da yadda aka taje kan.