Ɗan aike ko mai bin diddigi: wace sabar DNS ta dace da shagonka a Accra?

Fitilun rauta duk kore ne, data ba ta ƙare ba, amma shafi ya ƙi buɗewa. A nan ne masu shagunan intanet da ƙananan ofisoshi a Nima da Mamobi kan yi gaggawar hawa mota zuwa kasuwar Circle sayen sabuwar rauta, alhali sau da yawa tsohuwar lafiyarta ƙalau. Abin da ya tsaya shi ne DNS, wato aikin juya suna kamar ghana.gov.gh zuwa lambar IP. Kafin ka fitar da ko sidi ɗaya, gwada umarnin ping 8.8.8.8, wanda ke duba ko wannan lambar na amsawa. In lamba ta amsa suna bai amsa ba, layinka na aiki, matsalar ta suna ce.

Sabar da ke wannan aiki iri biyu ce. Ta farko ɗan aike ce: ta karɓi tambayarka, ta miƙa wa wata sabar, ta dawo maka da abin da aka gaya mata. Ta biyu mai bin diddigi ce: da kanta take farawa daga sabobin tushe masu sunaye 13, daga a zuwa m, ta gangara wurin masu riƙe da .gh ko .com, har ta isa ga mai sunan.

Yi tambaya ɗaya sau biyu da dig, manhajar tambayar sabar DNS: dig @192.168.1.1 ghana.gov.gh (sa lambar rautarka) sannan dig @9.9.9.9 ghana.gov.gh. A Windows, nslookup ma ya isa. In ta waje ta amsa taka ta yi shiru, laifin na cikin gida ne ko na wanda rautar ke aika wa. Kalmar da ta fito a amsar ita ce jagora. NXDOMAIN na nufin babu sunan, ƙila kuskuren rubutu ne ko rajistarsa ta ƙare, kuma babu na'urar da za ka saya ta gyara wannan. REFUSED na nufin sabar ta ji ka amma ba a ba ta izinin yi maka aiki ba. SERVFAIL ta fi wahala: sabar ta yi ƙoƙari ta kasa. Maimaita tambayar dig da +cd a ƙarshe. In ta amsa yanzu, tantancewar DNSSEC ce ta faɗi, wato duba sa hannun da ke tabbatar da ingancin amsa.

Mafi arha shi ne ɗan aiken da ke cikin rautar da kake da ita. Da yawa daga cikin rautoci manhajar dnsmasq suke ɗauke da shi, wanda a saitinsa na asali sunaye 150 kawai yake ajiyewa. Ga gida ya wadatar, ga shago mai kwamfuta 20 da wayoyin kwastomomi ya yi kaɗan. In rautar ta yarda, ɗaga cache-size zuwa 1000 ko fiye, ka ba ta wuraren aike biyu daga kamfanoni daban, misali 1.1.1.1 na Cloudflare da 9.9.9.9 na Quad9. Sa 8.8.8.8 da 8.8.4.4 tare ƙwai ne a kwando ɗaya, duka na Google ne. A ganinmu, mafi yawan shaguna su tsaya a nan.

Mai rautar MikroTik ya lura da abu guda. Kunna allow-remote-requests yana buɗe ƙofa ta 53, wato ƙofar DNS, ta kowane ɓangare, har ta waje. In ba ka toshe UDP da TCP 53 a ɓangaren WAN (mai fuskantar intanet) ba, baƙi za su riƙa amfani da rautarka wajen kai wa wasu hari, datarka kuma ta tafi a banza.

Mai bin diddigi, Unbound ke nan ko BIND, manhajar kyauta ce. Kuɗin yana kan na'urar da za ta zauna a kunne dare da rana: Raspberry Pi (kwamfuta mai girman tafin hannu) ko tsohuwar ƙaramar kwamfuta. Ribarsa, ba ka dogara da sabar kowa ba, kuma kai ke tantance DNSSEC. Illarsa, tambayar farko kan jinkirta, tunda sabobin sunaye da yawa suna Turai da Amurka, sai ma'ajiyar amsoshi ta cika abin ya yi sauri.

Kada ka saya sai ka duba abu uku. Na ɗaya, ko layinka na barin tambaya ta fita yadda take. Gwada dig @192.0.2.1 example.com. Wannan lambar an keɓe ta don misali ne, babu sabar da ke kanta, don haka shiru ya kamata ka ji. In amsa ta zo, akwai mai tare ƙofa ta 53 a hanya, kuma bin diddigi ba zai yi aiki daidai ba. Mafita a nan ita ce aike a ɓoye ta TLS a ƙofa ta 853, wanda Unbound ya iya.

Na biyu agogo, kuma wannan ne ke kayar da mutane a ƙasar da ta san dumso, wato yawan ɗaukewar wuta. Sa hannun DNSSEC yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Raspberry Pi 4 da waɗanda suka riga shi ba su da agogo mai batir, Pi 5 ne ya zo da wurin saƙala batirin. Wuta ta ɗauke ta daɗe, na'ura ta tashi da tsohuwar rana, Unbound ya ƙi amsoshi, ita kuma ba za ta gyara agogo ba tunda sunan sabar lokaci (NTP) ma sai an warware shi. Sayi batirin agogo ko ƙaramin UPS (batirin riƙe wuta) tare da na'urar, ko ka rubuta sabar lokaci da lambar IP. Tsohuwar kwamfuta tana da batirin CR2032 a allonta, canza shi tun ranar farko.

Na uku, manyan amsoshi. Bar TCP 53 a buɗe zuwa waje, ka ajiye edns-buffer-size a 1232. In ba haka ba wasu sunaye su buɗe, wasu su ƙi.

Tsakanin Unbound da BIND, Unbound ya fi sauƙi da ƙarancin cin ƙwaƙwalwa. Sabo fil yana amsa wa na'urar da yake kanta ne kawai, sai ka ƙara interface da access-control na 192.168.1.0/24, in ba haka ba sauran kwamfutoci ba za su samu amsa ba. A Ubuntu, systemd-resolved ya riga ya zauna a 127.0.0.53, zai iya hana Unbound tashi. Kunna serve-expired ma, don ya ba da tsohuwar amsa in sabuwa ba ta samu ba. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke intanet ta durƙushe a Gana, an ga amfanin irin wannan: shafin da ke cikin ƙasa yana nan, amma sai ka san lambarsa. Tsohuwar amsa ta fi babu. BIND ya fi dacewa da mai riƙe sunayen ofishinsa na ciki. A BIND, forward only yana tsayawa in ɗan aiken ya mutu, forward first kuwa yana komawa bin diddigi da kansa.

Ranar haɗawa, kada rauta ta aika wa Pi shi kuma ya mayar wa rautar, tambaya za ta yi ta kewaye har lokaci ya ƙare. Kuma in kana da sunayen ciki, kada ka raba 8.8.8.8 a matsayin sabar DNS ta biyu ta DHCP (hanyar da rauta ke raba wa na'urori saiti), don wayoyi da kwamfutoci ba sa bin jeri yadda ka tsara. Ta biyun ma ta zama taka, mai saiti iri ɗaya da ta farko.