Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Legas: masu cewa za su biya ka kuɗi ka je ka ci abinci

Salamu alaikum jama'a. Na kai wata biyu ina juya maganar nan a raina, kunya ce kawai ta hana ni rubutawa, amma shekaranjiya bayan la'asar a ƙofar masallacin layinmu nan Agege na ji wasu samari biyu suna ta murna wai sun samu aikin ɗanɗana abinci, har ɗayan yana nuna wa ɗayan alat a waya. Gabana ya faɗi wallahi. Irin alat ɗin da na gani ke nan kafin a wanke ni tas.

Ni da acaɓa nake yi a Ikeja, da aka hana a 2022 na koma sayar da caja da iyafis da gilashin waya kusa da gadar Pen Cinema, kun dai san yadda kasuwar take tun da aka cire tallafin mai a 2023, wata rana ka wuni a rana ba ka haɗa kuɗin tuwon dare ba. Ana cikin haka saƙo ya shigo min a WhatsApp daga lambar da ban sani ba, da Turanci, wai kamfaninsu na neman masu zagaya gidajen abinci da bukoki suna ci suna ba da ra'ayi. Ban kula ba. Washegari sai ga saƙon murya, mace ce, Hausa raɗau kamar 'yar Fagge, "Yayana ina wuni, ya kasuwa, aikin nan fa ba ko sisi za ka biya ba." Hausar nan ita ta kashe min jiki. Da Turancin aka ci gaba da tuni na goge.

Aikin wai sauƙi: su turo maka sunan wuri, ka je ka sayi abinci da kuɗinka, ka ɗauki hoton kwanon da na wurin, ka faɗi yadda ka ji shi, su mayar maka da kuɗinka su ƙara dubu 3 ladan wahala.

Na farko wata bukar amala suka tura ni ta wajen Ogba. Ni da shekara tara a garin nan ban taɓa yarda na ci amala ba, kullum in ga baƙinta in kau da kai, ina nan manne da tuwon shinkafa da miyar kuka wajen 'yan uwa. Ranar na zauna a benci, Mama ta yanko min malmala biyu tana tururi, ta zuba miyar wake da suke ce wa gbegiri a gefe ɗaya, ewedu a ɗaya gefen mai yauƙi kamar lalo, ta malala jar miya a sama, na ce a sa min ganda da kifi tunda ban san inda suke sayo nama ba. Jama'a abin da daɗi, ƙarya ba kyau. Na biya dubu 2 da ɗari 5, na tura hoto, kafin in sauka daga danfo alat ya shigo, dubu 5 da ɗari 5 cif.

Bayan kwana biyu shinkafar ofada a cikin ganye da koriyar miyar nan ayamase mai yajin da sai da na sha fiya wata leda uku. Aka biya. Sai ewa agoyin da burodin Agege, shi ma aka biya. Ribata ta kama dubu 9, ga ciki ya cika kyauta, na fara ganin kaina a matsayin ma'aikacin kamfani har ina yi wa maƙwabcina mai shayi bayanin bambancin efo riro da egusi kamar wani malami.

To a nan nake so ku buɗe kunne, domin duk wanda na ba labarin nan sai ya ce ai shi da ya gane. Ba za ka gane ba, saboda abincin na gaske ne, bukar ta gaske ce, kuɗin farkon ma na gaske ne ka cire shi a POS ka kashe. Tsaba ce ake watsa wa kaza. Dubu 9 da kuɗin kwano uku shi ne jarinsu a kaina.

Daga nan aka sa ni a wani guruf na Telegram, mutane cike, kowa na turo hoton alat, wannan dubu 60 wancan dubu 120, ana ta godiya ga admin. Aka ce mu 'yan matakin ƙasa bukoki kawai muke zuwa, mai son manyan gidajen abinci na Victoria Island da Lekki inda lada ke da tsoka sai ya yanki katin ma'aikaci, dubu 15, kuma a turo hoton NIN. Na tura duka biyun. Ban tsaya nan ba na jawo ƙanina da ke dako a Mile 12, shi ma ya yanka, wannan shi ya fi ci min rai har yau.

Sai aka zo da abin da suke kira oda ta musamman. Wai babban gidan abinci ba a shiga haka nan, sai an kama tebur tukuna, ka tura dubu 40 su kama maka, bayan ka ci a dawo maka da dubu 60. Na tura. Aka ba ni wani shafi mai sunana a sama da lamba tana nuna 60,000, kyakkyawa da ita, amma in ka danna cirewa sai ya yi ta juyawa. Na yi wa matar nan mai saƙon murya magana, a lokacin har Hajiya nake ce mata, ta ce ayya yayana kai ka yi kuskure wajen rubuta lambar oda, na'ura ta kulle asusunka, sai an sa dubu 85 a buɗe sannan ka kwashe duka gaba ɗaya, kuma in ƙarfe 6 ta wuce komai ya ƙone. A guruf kuwa nan take mutum uku suka fito suna cewa su ma ya taɓa faruwa da su, sun biya an buɗe. Kuɗin adashin da na ɗauka zan ƙaro kaya a Alaba, shi na tura.

Ƙarfe 6 ta yi, 7 ta yi. Sai ga sabon saƙo wai saura harajin gwamnati dubu 50.

A nan ne jikina ya yi sanyi. Na koma na duba rasit ɗin turansifa guda uku da na yi, kowanne sunan mutum daban, banki daban, babu ko ɗaya mai sunan kamfani, abin da yake gabana tun ranar farko amma kwaɗayi ya rufe min ido. Na rubuta a guruf na ce jama'a akwai wanda ya taɓa cire kuɗin oda ta musamman da hannunsa? Ko minti ɗaya ba a yi ba aka fitar da ni, Hajiya ta toshe lambata.

Washegari da sassafe na kama hanya, Oshodi, Obalende, har Lekki, na nemo gidan abincin da aka ce an kama min tebur. Mai gadi ɗan Arewa ne, na ce masa ɗan uwa taimaka ka haɗa ni da manaja, ya dube ni ya ce "Malam ba dai masu ɗanɗanon nan ba ne?" Ashe ba ni ne na fara zuwa ba. Manajan ya fito ya yi min magana cikin mutunci, ya ce ba su san kowane kamfani ba, ba wanda ya kama tebur, ba sa karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Ita ma Maman amala da na koma na tambaye ta dariya ta yi, ta ce ita dai ta ga Aboki ya zo ya ci ya biya yana ta ɗaukar kwano hoto. Ma'ana masu abincin nan ba ruwansu, kar wani ya je ya tayar musu da rigima, sunayensu kawai ake tsinta a taswirar waya a turo maka.

Lissafi: ni dubu 140 ta tafi, ƙanina dubu 55, a cire 'yar dubu 9 da na ci.

Akwai wani abu da ya fi asarar kuɗin haɗari. Kafin a kore ni an yi ta neman masu son zama wakilai, wai kuɗin kwastomomi zai riƙa shigowa asusunka kana turawa gaba kana cire kasonka. Kuɗin mutanen da aka damfara ne irina. In ƙara ta tashi sunanka da BVN ɗinka za a gani, asusunka za a rufe, kai za a zo nema, su kuwa ko inuwarsu ba a sani ba. Ina zargin sunaye ukun da na tura wa kuɗi ma irin waɗannan bayin Allah ne. Kuma bayan kwana huɗu wani ya kira ni wai lauya ne mai ƙwato kuɗin waɗanda aka cuta, in ba shi dubu 20 na buɗe fayil, waye ya ba shi lambata in ba su ba?

Wanda ya riga ya tura, kar ka ƙara ko naira ɗaya duk abin da za su ce maka, kar kuma ka goge hirar don haushi. Ɗauki hoton komai, ka je bankinka a ranar da rasit ɗinka ka shigar da ƙorafi, ni sai da na kwana biyu ina jin kunya kafin na je, lokacin kuɗin sun daɗe da barin asusun da na tura. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, akwai kuma sashensu na masu binciken damfara a titin Milverton a Ikoyi, ofishin EFCC ma yana Ikoyin a titin Awolowo. In ka ba su hoton NIN kamar yadda na yi, ka faɗa a cikin rahoton.

Samarin nan biyu na masallaci na tare su na nuna musu rasit ɗina. Ɗaya ya fita daga guruf ɗin a gabana. Ɗayan ya riga ya tura dubu 15 na kati, ya ce min "Baba naka daban ne, namu kamfanin da rijista," wai ranar Asabar za a tura shi cin farfesun kifi a Lekki. Na karɓi lambar yayansa, anjima bayan isha'i zan kira shi.